Yadda Na Zama Sarauniyar Fasa-Ƙwauri

Har yau in zancen nan ya taso a Kaoje, sai ka ji ana cewa waya ce ta ja mini. Ba waya ba ce. Rashin nauyi ne ya ja mini, don da ina da jiki irin na yayata, da ko labarina ba za ku ji ba. Abu ne da ba zan taɓa mantawa da shi ba, kuma tunda kowa ya faɗi nasa, bari ni ma in faɗi nawa.

Lokacin na gama sakandare ina zaune gida, karatu bai ci gaba ba. Abin da na mallaka a duniya shi ne tsohuwar waya da shafin da na buɗe a intanet. Ba rawa nake yi ba, ba na zagin kowa. Gulbi nake ɗauka. Fadamun shinkafa in ruwa ya shanye su, mata masu ƙyafa kifi, balbelu a bayan shanu. Sai in rubuta 'yan layuka a ƙasa, mutanen da suka bar gida su yi ta cewa na tuna musu da ƙuruciya. Wannan shafin shi ne tagar da nake shan iska ta cikinta.

Ran nan da sassafe na fita zuwa sunan jikar goggona, can wani ƙauye dab da iyakar Benin, inda jirgin ruwa ya fi mota sauƙi. Wanda bai saba shiga jirgi ba bai san cewa ba kai ke zaɓar wurin zama ba. Mai jirgi ne ke auna mutane da ido, ya raba su yadda jirgi ba zai karkata ba. Masu jiki gefe da gefe, marasa nauyi a tsakiya bisa kaya. Kuma ba a tambayar abin da ke ƙarƙashin tamfol, kamar yadda ba ka buɗe tukunyar gidan da ka je baƙunci.

Mai jirgin ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ke ɗiyar ga, hau can bisa. Ko kaza ta fi ki nauyi."

Na ce, "Kazar gidanku dai, Baba." Aka yi dariya, na haye.

Ban taɓa ganin gulbi ya yi kyau irin na wannan safiya ba. Tururi ya kwanta a kan ruwa, gaɓa ta ɓace, har ka rasa inda ruwa ya ƙare sama ta fara. Wata tsohuwa a bayana tana rera waƙa a hankali da yaren Dendi, ban san me take cewa ba amma na ji kamar ni take rarrashi. Giginyu suna fitowa daga cikin tururin ɗaya bayan ɗaya, su wuce mu kamar masu tafiya masallaci. Na ɗaga waya ina ɗauka, raina ya yi nisa. Har na fara ganin kaina wata rana ina bin gulbin nan har inda ya ƙare, ina nuna wa duniya garuruwan da ba wanda ya san sunansu.

Ƙarar wani inji ce ta dawo da ni. Jami'an da ke sintiri a ruwa suka tare mu, suka ja mu gaɓa. Da aka yaye gefen tamfol, sai ga jarkokin fetur jere a ƙarƙashina. Ashe tun ɗazu a kan wuta nake mafarki. Kafin in sauko, wani ɗan jarida da ya biyo su ya ɗauki hoto. Ni a can sama, mayafi yana kaɗawa, waya a hannu, jarkoki a ƙasa.

Ya tambaye ni, "Me kike ɗauka?"

Na ce, "Gulbi. Ina da shafi." Har da alfahari na faɗa.

Jami'an sun yi mana tambayoyi, mai kayan ya amsa cewa nasa ne, suka riƙe shi da mai jirgi, mu fasinjoji aka sallame mu. Kafin la'asar ina gidan suna ina cin waina, ina ba mata labari suna ƙyaƙyatawa.

Washegari da na dawo, yayata ta tare ni a zaure ta miƙo mini wayarta. Wata jaridar intanet ce, da hotona, da manyan baƙaƙe: "An cafke 'yar soshiyal midiya, sarauniyar fasa-ƙwaurin fetur." Na karanta labarin har ƙasa. Can a layin ƙarshe aka ce an saki fasinjojin da ba su da hannu. Amma wa ke kai wa ƙasa? Mutane kan labari kawai suke karantawa su turo wa na gaba. A ƙarƙashinsa kuwa sharhi ne kamar ruwan ƙanƙara. Dama duk haka suke. Shafin rufa-ido ne. Ina iyayenta? Har da masu rantsuwa sun san ni, wai ina da mota a Kwatano.

Jirgin cike yake da mutane. Akwai manomi, akwai tela, akwai mai sayar da manja. Ba a rubuta an cafke tela ba. Mai fetur ɗin kansa ko sana'arsa ba a ambata ba.

Da Baba ya dawo daga masallaci, hannu kawai ya miƙo. Na ɗora masa wayar. Ya jefa ta aljihun babbar riga ya shige ɗaki.

Ni ba ni da haƙuri, kowa ya sani. Da wayar yayata na nemo lambar jaridar na kira. Wani mutum ya ɗauka, da ladabinsa kuwa. Na ce, "Malam, wa ya gaya muku ni ce mai fetur?"

Ya ce, "Hajiya, ai ba mu ce naki ba ne a cikin labarin."

"A kai fa?"

Ya yi 'yar dariya. "In muka rubuta an kama jirgi da fetur, wa zai buɗe? Kullum ana kamawa. Amma 'yar soshiyal midiya, ai ke ma kin san za ki buɗe."

Na gaya masa abin da ba zan maimaita a nan ba. Daga baya sun sauya kanun, lokacin da kowa ya riga ya gani ya wuce.

Makonnin da suka biyo baya kamar a cikin ruwa na yi su. Ba na fita, don in na fita sai in ji an ce, "Ran sarauniya ya daɗe." Ina zama gindin mangwaron gidanmu ina tsince shinkafa, ina kallon gajimare yana tafiya yamma, ya ƙetare iyaka ba mai tare shi. Wani lokacin sai in ga hannuna ya ɗagu da kansa zai ɗauki hoto, ba komai a ciki. A nan na yi tunanin sauran masu shafi da ake bugawa a jarida. An kama mai shafi da damfara, an gurfanar da 'yar bidiyo kan sata. Wataƙila wasu sun aikata. To amma me ya haɗa laifin da shafin? Kuma nawa ne a cikinsu aka ɗora bisa tamfol kamar ni?

Ranar da haƙurina ya ƙare, na sami Baba yana gyaran lauje a ƙofar ɗaki. Na durƙusa, amma bakina bai durƙusa ba.

"Baba, kai ma ka yarda ni 'yar fasa-ƙwauri ce?"

Bai ɗago ba ya ce, "Ke? Wadda ko bokiti ba ta iya ɗauka? Na san aikin masu jirgi tun ba a haihe ki ba."

"To mi ya sa ka riƙe min waya?"

Sai ya ajiye laujen. "Don abin da sunka rubuta ni ake karanta wa a bakin masallaci. Innarki ta daina zuwa biki. Kin lura?"

Ban lura ba. Ina can ina kallon gajimare.

Ya shiga ɗaki ya fito da wayar, ya ajiye ta a tabarma tsakaninmu. Ya ce, "Ga ta. In kinka rufe shafin, zance ya mutu kafin kaka. In kinka bar shi, kin ɗauko wa kanki da mu. Ba ni tilasta miki."

Na daɗe ina kallonta. Rufewa ta fi sauƙi, amma in na rufe, na sa hannu kenan a kan abin da suka rubuta, kuma ya zama shi ne labarina na ƙarshe. Na tashi na sami Inna a madafa na tambaye ta. Ta ci gaba da tuƙa tuwonta ta ce, "Ni dai kada ki yi wa ɗiyar wani abin da anka yi miki."

Abin da na koya kenan: jarida na iya faɗin gaskiya a ƙasa ta kashe mutum a sama. Na ɗauki wayata. Na yanke cewa daga ranar zan riƙa ba da labarin abin da ke faruwa a bakin iyakar nan da kaina, har da na kame da na kotu, kuma ba zan sa wa labari kai ba sai wanda zan iya karantawa da ƙarfi a gaban uwar mai shi.