Maƙala Mai Lamba Arba'in da Bakwai

A shekarar 1978 na fara saninta, ranar da aka ɗauke ni aikin gyaran rubutu a ofishin mujallar jami'a. Ɗaki ɗaya ne a ƙarshen baranda, da tebur biyu, da tafireta, da kabad na ƙarfe, da fankar da ba ta juyawa sai an zungure ta da rula. Ita ce sakatariya, kuma kowa Mai Reza yake kiranta.

Ƙa'idar mujallar ita ce, kada mai tantance maƙala ya san wanda ya rubuta ta, kada marubuci ya san wanda ya tantance. Duk maƙalar da ta shigo, sai ta buga mata hatimin kwanan wata, ta yanke sunan mai ita da reza, ta ba ta lamba, ta kulle sunan a kabad. A makarantar mishan an hore mu da tsaftar aiki, amma ban taɓa ganin hannu irin nata ba.

Malamai kan leƙo su gwada sa'a.

"Mai Reza, wane mugu ne ya yi wa aikina wanka da jan biro? Ko harafin farko ki ba ni."

"Malam, je ka gyara lissafinka na shafi na shida. Ko ni da ba ni da digiri na ga bai tashi ba."

Sau ɗaya ta karya ƙa'idar, kuma a gabana. Mijinta na kwance a asibiti, wani farfesa ne ya samar masa gado. Aka tura wa farfesan nan maƙala mai lamba arba'in da bakwai, kan gishirin da ke ɓata ruwan rijiyoyi. Ya shigo yana murmushi.

"Ƙanwata, ya mai jiki? Af, wai ta wane ce arba'in da bakwai ɗin nan?"

Ta faɗa masa. Maƙalar ta wani ƙaramin malami ce, wanda ba shi da kowa a sama. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina neman waƙafin da bai ɓata ba.

Farfesa ya riƙe maƙalar wata goma sha huɗu, ya dawo da ita da layi biyu: ba ta cancanci bugawa ba. Bayan shekara ta fito a wata mujalla da sunan farfesan, jadawali da komai. Malamin ya kai kuka, aka nemi fayil, aka ce ya ɓata. Da lokacin tabbatar da shi a aiki ya zo, ba shi da bugaggen aiki ko ɗaya, aka sallame shi. Na sha ganinsa bayan haka a wani shagon maganin ƙwari, yana auna hoda da cokali.

Mijinta ya rasu. Daga nan ta daina zolaya da kowa.

Shekara tara bayan haka aka kafa kwamitin bincike kan wasu ayyukan farfesan. Wata safiya ambulan ya isa gaban kwamitin, ba sunan mai aikowa. A ciki akwai ainihin maƙala mai lamba arba'in da bakwai da hatiminta, da sunan mai ita, da wasiƙar da aka raka ta da ita zuwa ofishin farfesa. Ba a sha wahalar gano inda ya fito ba, mutum ɗaya ke da makullin kabad. Aka janye maƙalar farfesa, aka bar shi ya yi ritaya cikin mutunci. Ita kuma aka kore ta saboda ɓoye fayil da fitar da sirrin ofis, saura shekara biyu ta ajiye aiki.

Na taya ta ɗaukar kwalinta zuwa bakin titi. Na ce bari in gaya wa malamin wanda ya wanke shi.

"Yaya, ka gaya masa me? Sai ka fara da wanda ya ba da sunansa."

Malamin bai koma koyarwa ba, shekaru sun ja. Ya zaci ni ne na aika ambulan. Ranar da muka binne ta ma na haɗu da shi a hanya, ya riƙe hannuna da hannu biyu yana godiya, na amsa.