Birki a Ƙafa Uku

Shekara goma sha tara rumfata ta walda tana manne da ta Kawu Mai Birki, langalanga ɗaya ce ta raba mu. Gajere ne, wuyansa ya ɗan karkace saboda kwanciya ƙarƙashin mota, kuma ko wanka uku ya yi sai ka ji warin man birki a jikinsa. Matarsa ta rasu tun yara suna ƙanana. Manyan sun watse, Auta ce kaɗai ta rage a gabansa. Tana aiki a wani kamfanin ɗinki can ƙasan gangara, bayan gada, kuma kullum da safe daga tasharmu take shiga bas.

Akwai wani aiki da duk mai riƙe sifana a garejin nan ya sani. Idan bututun man birki na ƙafa ɗaya ya fashe, babu sabo a kusa, ko mai mota ba ya son ta wuni a kan jak, sai a lanƙwashe bakin bututun a daddake shi da guduma har ya toshe. Mai ya daina zuba, direba ya taka ya ji birki ya kama, kowa ya kama gabansa. Amma ƙafa uku ce ke tsayar da motar. A busasshen titi ba za ka gane ba. In an yi ruwa, ko aka taka da ƙarfi, sai ta fizge gefe guda.

Kawu ba ya yin wannan. Direbobi suna tsokanarsa, wai in ka kai masa mota da ciwon kai sai ya ba ta gado a asibiti. Mai sauri sai ya wuce rumfar gaba, wajen wani da ake kira Gwani, minti goma an sallame shi.

Wata safiya Dogo, direban wata farar bas, ya shigo da ita tana ɗigar mai ta ƙafar gaba. Kawu ya leƙa, ya ce bututun ya ruɓe, kuma irinsa sai an aiko daga wani gari, kwana biyu. Dogo ya ce mai motar ba zai yarda ta kwana ko ɗaya ba.

"Kawu, ɗan matse min shi kawai. Lallaɓa ta zan yi."

"Gangarar ma za ta lallaɓa ka?"

Dogo ya yi dariya, ya ce tsoho ya fiye tsoro, ya ja motar zuwa wajen Gwani. Muna zaune muka ji ƙarar gudumar. Kawu kuwa sai goge hannu yake da tsumma, hannun da babu abin da ya taɓa shi.

Farar bas ɗin nan tana cikin waɗanda Auta ke shiga. Kawu ya je wajen shugaban tasha. Shugaba ya ba shi kujera, ya yaba masa, ya ce za a kira taron direbobi a ja musu kunne. An yi taron kuwa, har aka manna takarda a bango mai cewa rai ya fi sauri. Kawu ya je wajen mai motar, aka ce masa da bututun ya iso za a kawo ta. Bututun ya iso, Kawu ya rataye shi a ƙusa, mota ba ta zo ba, tunda tana tafiya.

Sai ya ɗauki wata hanya. Kowace safiya sai ya rako Auta tasha, kafin ta shiga bas ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi. In ya ga bututu a matse, sai ya ce ta jira ta gaba. Cikin sati ɗaya ya samu bas bakwai a haka. Fasinjoji suna dariya, direbobi suna ce wa Auta likitanta ya iso, a ɗaga ƙafa a yi awo. Sau huɗu ta makara, shugabar sashensu ta ce in ta ƙara, za a ba wata keken ɗinkinta.

Na ji su, ita da Kawu, ta bayan langalanga ranar da ta kawo masa abincin rana. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ita ba yarinya ba ce, ya mayar da ita abin nuni, kuma in aka kore ta ba tsumman gareji za su ci ba.

"Baba, duk garin nan a motocin nan suke tafiya."

"Duk garin ba ni na haife su ba."

Daga ranar ta daina zuwa tasha. Sai ta fita da wuri, ta taka har mararraba ta gaba, ta tare duk wadda ta fara zuwa. Kawu ya sani. Kwalin yana nan jingine, bai ƙara ɗaukarsa ba.

Bayan sati uku aka wayi gari da yayyafi. Wani mai babur ya gitta a tsakiyar gangara, Dogo ya taka birki, farar bas ta juya ta faɗa lambatu. Ba wanda ya mutu, kuma mutane suka yi ta maimaita haka kamar an gama magana. Auta na kujera ta biyu. Bakinta ya daki ƙarfen bayan kujerar gabanta, haƙora uku suka fita, hannun dama ya karye a wuyan hannu, hannun da take tura yadi da shi.

Ni na kai Kawu asibiti a babur ɗina. Ya tsaya a bakin gado, ta kalle shi da kumburarren baki, tana jira ya ce ai ya faɗa. Bai faɗa ba. Ya gyara mata matashi, ya tambayi ma'aikaciyar jinya ko za ta iya shan abu mai ruwa.

Da aka janyo motar, rumfarsa aka kawo ta, mai motar da kansa. Na ɗauka zai kore su. Ya karɓa, ya yi kwana huɗu a ƙarƙashinta, ya gyara ƙafafun huɗu duka. Gwani ya zo jaje, ya ce tsautsayi ne da santsin titi, ya koma bakin aikinsa. Har yau ina jin gudumarsa.

Da Kawu ya gama, sai ya leƙo rumfata ya ce in zo da injin gurza ƙarfe. Muka bi kujerun bas ɗin ɗaya bayan ɗaya, na gurje kaifin ƙarfen, shi kuma yana naɗa soso da robar tsohuwar taya. Wuni guda muka yi, ba wanda ya sa mu. Dogo ya ce mun mayar masa da mota ɗakin jarirai.

Bas ɗaya ke nan. A layin akwai arba'in da wani abu, kuma ba za a bar mu mu taɓa su ba sai sun faɗi. An cire wa Auta filasta makon jiya, kamfanin ya ce ta dawo a gwada hannun. Ranar Litinin za ta koma. Na tambayi Kawu ko zai raka ta, ya ce ta riga ta gaya masa a mararraba za ta tsaya.