Raliatou Abdulsalami, Wadda Ta Ƙi Sa Hannu

Ƙarfe bakwai saura na safe za ka gan ta a tashar tram, jirgin ƙasan cikin gari, ta Villeurbanne da ke gefen Lyon, da jakarta a kafaɗa da ɗan fulas na shayi. Kafin abokan aiki su iso labo, wato ɗakin bincike, ta rataye mayafinta, ta sa farar riga, ta wanke kwalaben gwaji da hannunta, ko da yake akwai injin da ke wannan aiki. Shekara ashirin da bakwai ke nan Hajiya Raliatou Abdulsalami tana auna ruwa da ƙasa da naman kifi a wani ɗakin bincike na Lyon, don a san ko akwai guba a ciki. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

'Yar Mirriya ce, kusa da Damagaram. Ta yi karatun kimiyya a Yamai, ta zo Faransa ƙaro ilimi, aiki ya riƙe ta. Ba ta taɓa zama shugabar sashe ba, sunanta kuma kullum a ƙasan takarda yake, da ƙananan haruffa.

Shekara shida da suka wuce wani bututun mai ya fashe a ƙarƙashin teku, daura da wata gaɓa ta Afirka ta Yamma. Kamfanin da ke haƙar man ya ce ɗan kaɗan ne ya malala, an kuma shawo kansa. Masunta suka ce su dai komarsu baƙa ƙirin take fitowa. Da gardama ta yi yawa sai hukumar ƙasar ta aiko da samfuri labonsu Raliatou: ruwa, yashi, kifi da jatan lande daga wurare arba'in. Sofia, abokiyar aikinta, ta ce tun da suka buɗe akwatin farko warin ɗanyen mai ya cika ɗakin, Raliatou ta daɗe tana kallon wani ɗan kifi da bai kai tafin hannu ba.

Sau uku ta maimaita gwajin. A ƙauyuka goma sha ɗaya gubar ta ninka abin da jikin mutum zai ɗauka sau da yawa. Amma da shef ɗinsu, shugaban labon, ya kira ta biro, wato ofishinsa, wata takarda daban ya ajiye mata. An haɗa sakamakon bakin gaɓa da na can tsakiyar teku inda ruwa ke da tsabta, an raba daidai, sai lissafin ya fito kamar babu komai. Wannan ce za a nuna wa jama'a, cikakken bayanin kuma ya zauna a kabad. Ya ce mata ba ƙarya aka yi ba, kowace lamba tata ce, kuma kada a tayar wa mutane da hankali.

Raliatou ta karanta takardar har ƙarshe, ta mayar masa da alƙalaminsa.

"Ranka ya daɗe, ba a tsakiyar teku mutanen nan suke wanke 'ya'yansu ba," in ji ta. "Ba zan sa hannu ba."

Ba ta ɗaga murya ba, kuma ba don ba ta ji tsoro ba. Tana da 'ya'ya biyu a makaranta, Lina da Rayan, shekarunta sun ja, ta san ba kowane labo ne zai ɗauki wadda aka kora ba. Mijinta Malam Ilya ya ce mako guda ba ta iya cin abincin kirki ba. Shi abin da ya faɗa mata kawai, duk wanda ta zaɓa suna tare. Aka ɗauke ta daga aikin, aka mayar da ita sito tana jera kayan gwaji. Da aka kai wa Sofia takardar, ita ma ta ƙi.

Daga siton Raliatou ta rubuta wa kwamitin da ke sa ido kan labon, a hedikwatarsu ta Paris. Aka kira ta. Ta hau jirgin ƙasa a tashar Part-Dieu ta Lyon da littafin da take rubuta kowane awo da hannu, ta zauna gaban mutum bakwai, ta bi da su ƙauye bayan ƙauye. Bayan mako uku kwamitin ya ce a aika cikakken rahoto, kuma a bar shi a fili kowa ya gani. Aka dakatar da kamun kifi a ƙauyukan nan, aka tilasta wa kamfanin kwashe man daga gaɓa.

Ba komai ne ya gyaru ba. Itatuwan bakin ruwa da yawa sun bushe, har yau ba su dawo ba. Wasu masunta sun ji haushin rahoton, don ya tsayar musu da sana'a. Ita kuma abin da ke ci mata rai shi ne makonnin da aka ɓata ana ja-in-ja, mutane na cin kifin.

Bayan fitar rahoton, 'yan asalin yankin da ke zaune a Montreuil, kusa da Paris, suka gayyace ta zauren wani gidan ma'aikata ta fassara musu lambobin. Wata mata mai suna Fatou, wadda mahaifiyarta ke bandar kifi a ɗaya daga cikin ƙauyukan, ta miƙe ta tambaya ko tsohuwar za ta iya ba jikokinta kifin. Raliatou ta nemi sunan ƙauyen, ta duba takarda, ta ce a'a, ba yanzu ba, ta kuma faɗi ƙauyen da ke kusa wanda kifinsa ke da lafiya. Nan take Fatou ta buga wa uwarta waya. Da ta gama ta zo ta riƙe hannun Raliatou da hannu biyu.

"Inna ta ce in tambayi sunanki, Hajiya, don ta sa ki a addu'a."

Ke ce, Hajiya Raliatou, mai faɗin gaskiya da sanyin murya. Ke ce kika yi wata takwas a sito ba ki fasa gaida wanda ya tura ki can ba. Mutanen da kika tsaya wa ba yarenku ɗaya ba, ba ki taɓa taka garinsu ba, amma kin ɗauki 'ya'yansu kamar Lina da Rayan naki. Mun gode.

Ku kuma 'yan uwa da ke labo da biro-biro a Lyon da Paris, musamman ɗalibanmu da ke tasowa, wata rana za ku san wani abu da rayuwar wasu ta rataya a kai, a ce ku yi shiru. Ranar nan ku tuna akwai wadda ta riga ku, ta ji tsoro kamar ku, ta kuma faɗa.

Allah Ya ba ki hutu mai albarka, Hajiya, Ya tsare ki kamar yadda kika tsare bayinSa.