Ƙwayar Ranar Kasuwa

Na daɗe ina riƙe da kemis a bakin kasuwar Ajingi, kuma kowa ya san ni da faɗa. Ban musa ba. Amma akwai faɗa ɗaya da har gobe nake alfahari da shi.

Wata matar aure ce daga Toranke, goye da jaririya, take zuwa duk ranar kasuwa. Sai ta jira mutane sun ragu, ta matso ta ce, "Anti, irin ta rannan." Ƙwayar gaggawa take nufi, wadda ake sha bayan kwanciya da miji don kada ciki ya shiga. Na ba ta sau ɗaya, sau biyu, sau uku. A na huɗu na jawo benci na ce ta zauna.

Ashe da aiki aka ciro jaririyar, wata biyar ke nan, kuma likita ya ce in ta ɗauki ciki kafin shekara biyu, ɗinkin mahaifar na iya buɗewa. Mijinta direban bas ne a hanyar Kano, ba kullum yake kwana gida ba. Na tambaye ta yaushe take shan ƙwayar. Ta ce ai ranar kasuwa, tunda ranar kaɗai take samun fitowa. Wani sa'in kwana shida ya wuce da kwanciyar kafin ta sha.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ke, ƙwayar nan ina ruwanta da ranar kasuwa? Da zafi-zafi ake shanta. Kuma ta tsautsayi ce, ba ta kullum ba." Al'adarta ma duk ta rikice. Na sa ta yi gwajin fitsari nan take. Babu ciki, alhamdu lillahi.

Da izininta na aika aka kira mijin daga tasha. Ya zo yana cika yana batsewa, ya ce, "Hajiya, ni ba na ƙayyade abin da Allah zai ba ni."

Na ce, "Malam, wa ya ce ka ƙayyade? Tazara na ce. Ko gyaɗa ka cusa ta waje guda ba ta yi." Sannan na zayyana masa maganar likita, ban rage masa komai ba.

Ya juya ya dubi matarsa, ta sunkuyar da kai. Ya ce a hankali, "Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

Ta ce, "Tsoro nake ka ce na zama ragowar mace."

Ko lodi bai koma ba. Da bas ɗin babu fasinja ko ɗaya ya kai ta asibiti a Gaya, aka saka mata ashanar tazarar haihuwa a ƙarƙashin fatar dantse. Bayan shekara uku ta haifi namiji lafiya, kuma da ƙafarta ta fito daga asibitin.