Taki Sittin a Gonar Sarkin Noma

Duk wanda ya san Kawu Bawa ya san ba ya wuce ƙasa bai ɗanɗana ta ba. Kuna tafe kuna hira, sai ka waiga ka ga babu shi. Yana can baya a tsugune, keke jingine da kafaɗa, ya dangwali ƙasa da yatsa ya kai baki. Ya tauna, ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana miya, sannan ya tofar. In rairayi ne ya ce, "Wagga ba ta da amana." In kuwa ya samu mai danƙo, sai ya washe sauran haƙoransa huɗu ya ce, "Ga ɗiyar mutane!"

Kun ce ni zan yi magana a wannan sadaka ta rasuwarsa, don ni ne ɗan ƙanwarsa, kuma ni ne mushen lakwal, malamin makaranta ke nan, wai bakina ya saba. To, zan yi. Amma ku sani akwai abin da na haɗiye shekara huɗu game da taki sittin ɗin nan na gonar surukina, Baba Sarkin Noma, kuma yau sai ya fito. Ga Baban can zaune a kan buzu. Ku bar ni in fara da dariya ko na samu ƙarfin kaiwa can.

Kun tuna shekarar da samarinmu suka fara sayo kekunan tudu na gwanjo daga Maraɗi, masu kaurin taya? Kawu yana gyaran keke a gindin dogon yaron bakin kasuwa tun ban san hannun damana ba, amma bai taɓa ganin irinsu ba. Ya juya ɗaya, ya shafa, ya tambayi mai shi, "Wanga na mine ne?"

"Na hawan dutsi ne, Kawu."

Kawu ya dubi gabas, ya dubi yamma. Daga nan har Mayahi babu dutsen da ya fi na niƙa girma. Ya ce, "To ina dutsin?"

Aka yi ta dariya. Amma shi bai yi ba, don ya ga yadda rairayi ke haɗiye tayar, ya ga 'yan koleji suna turin keke zuwa garin gabas suna haki, ya ga masu kai nono kasuwa suna isa rana ta take. Washegari ya rufe rumfa, ya ɗauki igiyar awo da diga, ya nufi wani tsohon suri a bayan gari, irin gidan garar nan da ko makiyaya ba su zama kusa da shi don tsoron masu wurin. Mutane suka bi shi daga nesa. Liman ya aika a gaya masa ya bari. Kawu ya tsaya gaban surin, ya cire takalmi, ya yi sallama har sau uku, ya kasa kunne.

"Ba su amsa ba," in ji shi. "Sun yi ƙaura." Ya kafta diga.

Wallahi mutum biyu sun ruga. Shi kuwa ya ɗebo jar ƙasar, ya kai baki, ya ɗaga murya ya ce, "Allah bai ba mu dutsi ba, amma ya ba mu gara!"

Da wannan ƙasa aka fara hanyar keke. Faɗinta bai wuce kamu biyu ba. A share rairayi, a shimfiɗa karan gero, a zuba ƙasar suri, a yayyafa ruwa. Sai dai zubawa ba ta isa, sai an daɓe, kuma kowa ya san daɓe aikin mata ne. Kawu ya tafi gun Inna Tabawa, shugabar masu daɓen ɗakin amare, ya ce yana da daɓe.

"Madalla! Ɗaki nawa?"

"Guda ne. Amma da ɗan tsawo."

Inna Tabawa ta tara mata goma sha biyu da madaɓansu, har da jiƙon makuba na ƙarfafa daɓe. Suka zo suna guɗa, suka tarar da igiya ta miƙe cikin daji har ido ya gaza. Inna ta riƙe haɓa. "Bawa! Ina bangon ɗakin?"

"Sai an gama daɓe a kan yi bango a namu tsarin."

Ta zage shi tun daga kakansa, shi yana tsaye yana cewa amin. Amma suka daɓe. Ranar suka yi taki ɗari suna waƙa, rabin waƙar zambo ne gare shi. Da yamma jikarta ta hau keke a kai ta wuce fyu, Inna ta bi ta da kallo, ta ce, "Jibi ma muna zuwa, amma ka sayo goro, marowaci." Ya sayo guda uku, ya fasa su goma sha biyu da reza.

Haka aka yi ta ja, rani bayan rani. Samari suka ce suna son tudu da gangare, Kawu ya tara musu ƙasa ya yi musu tuddai uku da kwana-kwana a tsakanin itatuwan gawo, suna tashi sama suna ihu. Amma fa keke kaɗai! Ranar da wani ɗan kabu-kabu ya hau da moto, babur ɗin nan nasu, Kawu ya bi shi a kan tsohon kekensa har bakin rijiya, ya kama bayan moton, ya ce sai ya koma ya shafe sawun tayarsa da tafin hannu. Mutumin ya ce, "Tsoho, hanyar ta ubanka ce?"

"A'a, ta uwarka ce. Ita ta daɓe ta. In kira ta?"

Ɗan Inna Tabawa ne ashe. Ya sauka ya shafe.

To, a rani na uku hanya ta zo ta tsaya cak. Daga garin gabas ma sun daɓo tasu sun tsaya. Tsakanin kawunan biyu saura taki sittin, kuma taki sittin ɗin nan kusurwar gonar Baba Sarkin Noma ce. Kowa ya san shi da gona. Bai taɓa sayar da ko tafin hannu ba, kuma ciyawar gamba da ke kan iyakarsa mahaifinsa ne ya dasa. A garinmu ka taɓa wa mutum hula ya haƙura, amma ka tumɓuke masa gamban iyaka, to sai gaban maigari, in ma an kai can lafiya. Ga damina ta ƙarato. In ruwan shuka ya sauka ba a daɓe ba, sai baɗi.

Kawu da Baba ba su jituwa tun suna samari, don haka Kawu ya ce, "Mushe, kai za ka tahi. Surukinka ne, ba ya hana ka."

Jama'a, wane mai hankali ke aiken mutum roƙo gun surukinsa? Ni da ko sunansa ban iya faɗa, in na hango shi a hanya sai in ratse cikin ƙaya! Amma Kawu ba a ce masa a'a. Na tafi. Na cire takalmi tun daga bakin zaure, na durƙusa, na gaishe shi. Ya tambayi gida, ya tambayi lakwal, sannan ya zuba mini ido. Na buɗe baki, sai na ji na ce, "Ya zafi?" Ya ce zafi lokacinsa ne. Na tashi na dawo.

Na koma na biyu, na tambayi lafiyar shanu. Na koma na uku, na sake tambayar zafi. Da na fito a na ukun, Kawu na tsaye a bakin hanya da igiyar awo a wuya, idanunsa sun yi ja don rashin hutu, yana duban gabas inda gajimare ya fara taruwa.

"Mi ya ce?"

Ban san lokacin da maganar ta fito ba. Na ce, "Ya yarda."

Kawu ya rungume ni. Tunda nake bai taɓa rungumata ba. Na so in janye maganar, amma ya riga ya hau keke yana shelar gayya. Kwana biyu ina cewa yanzu zan gaya masa, yanzu zan gaya masa. Ban gaya ba. Tsoro nake ji. Wanda ya sa wa surukinsa magana a baki, a kan gona kuma, ya san abin da ke biye: a aiko a ɗauke 'yarsu. Maiɗakina kuwa tana da cikin fari, wata bakwai.

Ranar gayya kun halarta, ba sai na tsawaita ba. Mata da madaɓai, samari da amalanken ƙasa, har da mai ganga. Hadari ya yi baƙi a gabas. Kawu da hannunsa ya tumɓuke gamba uku ya ajiye gefe. Ana cikin zuba ƙasa sai ganga ta tsaya. Na ɗaga kai na hango Baba tafe, ɗiyansa maza biyar a bayansa, kowa da abin hannu. Babban, Habu, gatari ne a kafaɗarsa. Samarinmu ma suka gyara riƙon diga. Mata suka ja baya suna salati.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya dubi gamban a kwance, saiwa a sama, ya ce, "Bawa, wa ya ba ka?"

Kawu ya juyo yana murmushi ya dube ni, irin duban nan na "gaya mishi mana." Ni kuwa na sa ido a kan yatsun ƙafata. Na ji dubansa a kaina kamar garwashi. Ban san iya lokacin da ya ɗauka ba. Da na saci kallo, murmushin ya tafi. Ya gane.

Habu ya matso taki biyu. "Tsoho, ana tambayarka!"

Kawu ya ce, "Ba wanda ya ba ni. Ni na ba kaina."

Wuri ya ɗauki hayaniya. Habu ya sauke gatari daga kafaɗa, wani cikin namu ya ɗaga diga, Inna Tabawa ta faɗa tsakani tana ihu da madaɓi a sama. Sai Kawu ya yi abin da ba wanda ya taɓa gani. Mutumin da bai taɓa cewa "na yi kuskure" ba ko a kan faci, ya cire hula, ya durƙusa gaban sa'ansa a gaban mata da samari. Ya ce, "Sarkin Noma, na ci iyaka. Ka yi mini aikin gafara. Kowa ya aje abin hannunshi, laihina ne ni ɗaya."

Ya ja gwiwa ya tona rami da yatsu, ya mayar da gamba ɗaya bayan ɗaya, ya zuba musu ruwan daɓen. Baba ya tsaya har ya gama, sannan ya ce, "Muddin ina da rai, taya ba ta taka nan." Ya juya. Ruwan shuka ya sauka da la'asar.

A hanyar gida ni da Kawu kaɗai, yana turin keke ina biye kamar ɗan akuya. Na fara, "Kawu..."

"Yi mini shiru. Sau nawa ka tahi?"

"Uku."

"Mi ka ce mishi?"

"Na tambaye shi zafi."

Ya tsaya. Ya dube ni sama da ƙasa. "Sau ukku? Mushe guda, mai koya ma ɗiyan mutane Faransanci? Da ka gaya mini bakinka ya sace, ai da na buga maka iska!" Ya ci gaba da tafiya, can ya ce ba tare da ya waigo ba, "Sunana ya riga ya tsuhwa, ba ya jin ciwo. Kai ka riƙe matarka. In ka sake ka hwaɗi ina raye, sai na ci mutuncinka."

Ƙarya ya yi, sunan ya ji ciwo. Kun san abin da aka riƙa kiransa. Ɓarawon iyaka. An daina kiransa sasanci, an daina ba shi sahun gaba a ɗaurin aure, wasu sun ɗauke gyaransu sun kai wani wuri. Kullum masu keke na isa kusurwar nan su sauka, su saɓa keke a kafaɗa su bi ta gefen gamba, suna tsine wa gaggawar Kawu da ta ɓata magana. Ni ma ina cikin masu saɓawa, ina ji, ina shiru. Shi kuwa ya juya ya ja wani reshen hanyar zuwa arewa, wajen garin Isawan, yana dariyarsa. Ranar sunan ɗiyata shi ya fi kowa cin nama.

Baba, yau na buɗe baki, kuma ba zafi zan tambaya ba. Ban taɓa isar maka da saƙon ba. Ni na ce ka yarda. Kawu bai ci iyakarka da saninsa ba, ni na tura shi, ya durƙusa a madadina. Ba taki sittin nake roƙo ba, gonarka ce, ka yi yadda ka so. Abin da ka ga dama ka yanke a kaina, na ɗauka. Sunansa kawai nake roƙo a wanke a gaban waɗannan mutane, tunda shi ya hana ni yana da rai.

Allah, ga bawanka Bawa ya zo maka. Ya rufa mini asiri ranar da ban cancanta ba, ka rufa masa nasa. Ka yafe masa zafin baki, ka yalwata masa makwanci, ka sanyaya masa ƙasa. Mu kuma ka ba mu ƙarfin faɗin gaskiya tun masu jin ta suna raye. Amin.