Mutumin da Baba Istifanus Ya Bari a Cikin Kifi

Duk wanda ya zauna da mu a unguwar Muntaza ta birnin Doha ya san zanin Baba Istifanus. Dattijo da furfura, ga kwat ga nektaye, a ƙasa kuma ya ɗaura zani har ƙwauri, ya nufi coci ranar Juma'a, ranar hutun ƙasar, yana taku ɗai-ɗai. Ranar da na fara ganinsa haka, ina sabon zuwa ɗakin, na ce, "Baba, wandon ne bai bushe ba?"

Ya ce, "Habu, a tsibirinmu wando kayan yara ne."

Tsibirinmu! Mutumin Malumfashi ne fa, sai da ya yi gemu ya fara ganin teku. Cocinsu ce ta taɓa tura shi wani ƙauyen masunta can cikin tekun Fasifik, yana koya musu Littafi Mai Tsarki a ƙarƙashin rumfa. Wata Lahadi ya kai su labarin Annabi Yunusa, kifi ya haɗiye shi, sai Baba ya rufe littafi ya ce sauran sai mako mai zuwa, wai don su dawo da ɗoki. Kafin mako ya zagayo zazzaɓi ya kayar da shi, aka sa shi a jirgin ruwa, daga nan sai gida. Coci ta ce ba halin mayar da shi. Shi ne ya duba taswira, ya ga wai Doha rabin hanya ce, ya zo ya kama tuƙin bas. Ya shekara da shekaru a rabin hanyar nan, kullum maganarsa ɗaya: "Na bar mutum a cikin kifi. Dole in koma in fito da shi."

Saboda haka ba ya cin kifi. Tukur, wani maigadi ɗan Gusau da ke mana girki a ɗakin, zai sauke tukunya ya ce, "Yalla Baba, matso, ga kifi ya ji yaji."

"A'a. Akwai maganar da ba mu gama ba ni da su."

Sai kuma ya miƙo kwano a cika masa da romo.

"Baba, romon fa na kifin ne!"

"Romo ya taɓa haɗiye wani?"

Da aka ce za a haɗa shi ɗaki da fasto, Tukur har addu'ar tsari ya yi, don ya ɗauka wa'azi za mu sha safe da yamma. Ina! Korona ta zo, aka rufe masallaci aka rufe coci, muka zauna muna kallon juna har hira ta ƙare. Tukur da bakinsa ya ce, "Baba, don Allah ɗan yi mana wa'azin nan naku, ko ma ji sabon abu."

Baba ya harare shi. "Ban rufe aji ɗaya ba, ba na buɗe wani. Ku tashi ku yi la'asar, lokaci na wucewa."

Wallahi tun da nake ban taɓa tsare salla a kan lokaci kamar zaman kullen nan ba, kuma ɗan mishan ne ladaninmu. Mun sha gaya masa ya kwantar da hankalinsa, mutanen nan suna da littafin da harshensu, sun daɗe da karanta ƙarshen. Sai ya ce ba mu san su ba.

Ashe da gaskiyarsa. Kafin gasar ƙwallon ƙafa ta kofin duniya aka kawo wasannin share fage na ƙasashen tsibiran nan Doha, don korona ta hana a yi a can. Baba ya tasa manajan kamfaninsu a gaba har sai da aka ba shi bas ɗin 'yan wasan. Ya tsaya a bakin ƙofa yana gaishe su da yaren ƙauyen, sai mai tsaron gidansu, wani dogo mai suna Tomasi, ya saki jaka ya rungume shi. Ashe yana cikin yaran ajin nan na ƙarƙashin rumfa. Shi ya gaya wa Baba cewa kowa ya san ƙarshen labarin, amma a al'adarsu labari na wanda ya fara shi ne, ba mai ƙarasa shi a bainar jama'a sai mai shi ya miƙa masa. Malamai sun zo sun tafi, kowa in ya kawo wurin sai ya tsallake.

Baba ya shigo ɗaki yana ihu. "Kun ji ko? Yana ciki! Har yanzu yana ciki!"

Tukur ya ce, "To Baba, abin murna ne?"

Baba ya juya ya hau gadonsa. Ranar ko romon bai sha ba.

Ya nemi hutu, kamfani ya ce ba mai motsawa sai an gama kofi. Haka ya yi ta jigilar 'yan kallo masu ganguna da tutoci, jakarsa a ɗaure a ƙarƙashin gado. Ana shirin wasan ƙarshe zuciyarsa ta kayar da shi. Na same shi a asibiti ya rame, amma taurin kan yana nan. Ya sa na kira Tomasi ta bidiyo, ya damƙe hannuna ya ɗaga.

"Tomasi, ka shaida. Na ba Habu labarin."

Na ce, "Baba, ni fa Musulmi ne!"

"To, naku Yunusan a ciki ya tabbata?"

"A'a, ya fito."

"Khalas, shi ke nan. Je ka gaya musu."

Bai ga ƙarshen makon ba.

Bayan an kai gawarsa gida, Tomasi ya kira ni wata Lahadi, mu da hantsi su da yamma. Ya juya wayar, sai ga ƙauye guda zaune a kan tabarmi suna kallona. Ni Habu, mai gadin shago a unguwar Al-Sadd, ban taɓa yi wa ko mutum biyu wa'azi ba. Na share gumi na ce Yunusa ya kira Ubangijinsa daga cikin duhu, aka ji shi, kifi ya tofar da shi a gaɓa. Tomasi ya fassara. Sai wani tsoho ya ɗaga hannu, wai yana so ya san wane irin kifi ne, don duk rayuwarsa a ruwa bai ga mai irin wannan cikin ba.

Na ce, "Tomasi, gaya masa wannan ɓangaren Baba bai ba ni ba."

Suka fashe da dariya, ni ma na yi. Suna cikin dariyar wata tsohuwa ta ɗauki waƙa, sauran suka amsa, na ji sunan Istifanus a ciki. Nan na kasa riƙe wayar, Tukur ne ya karɓa, shi ma hawaye yake yi.

Ya Allah, Kai da Ka ji kiran Yunusa, Kai Ka san bawanKa fiye da mu. Mu dai alheri muka gani a wurinsa. Ka ba iyalinsa haƙuri a Malumfashi, da mutanensa na tsibiri, da mu da ya bari a rabin hanya. Amin.