Yatsana a Takardar Malam Isuhu

Habu, ajiye ɗinkin nan. Don Allah ajiye, rigar ba za ta gudu ba. Ɗauko takarda da alƙalami yanzu-yanzu, kafin zuciyata ta karye in koma gida da maganar a cikina. Saki tabarmar ƙofa. Ke ma Mariyama, kar ki tashi don mijinki zai yi rubutu, zauna, ina son wani kunnen ya ji.

Malam Isuhu ya rasu. Innalillahi. Yanzu a bakin rijiya wata mai daddawa daga Yekuwa, garinsu, ta gaya mini. Zazzaɓi ne, kwana huɗu, yana tsakiyar yankan gero. Jiya da la'asar aka kai shi. Ta faɗa kamar mai faɗin kuɗin gishiri, ba ta san gugana zai suɓuce ya faɗa rijiya ba. Gobe sadakar uku, ina so a karanta abin da zan faɗa a gaban mutane.

Rubuta. Ni ce Delu, mai dafa wa 'yan lakwal, wato makarantar boko, abinci a nan Magariya. Ban san baƙi ba, ban san fari ba. Tun da aka fara kwaso yaran ƙauye ana kawo su lakwal ɗin Nasara, iyayensu na bin su da kuka, ni ke tuƙa musu tuwo.

Kai ka zauna a ajinsa, Habu, ka san shi, amma rubuta saboda waɗanda ba su san shi ba. Dogo ne siriri, riga biyu gare shi, kullum hannunsa fari fat da alli. Sauran malamai a kujera suke ci, a kai musu. Shi kuwa madafa yake zuwa ya tsuguna ya ce, "Inna, fara zuba wa ƙanana, manya sun iya jira." In an kawo sabon yaro yana kuka, ba ya fara masa da faransanci. Tambayarsa yake sunan akuyarsu. Akwai wani ɗan Bande da ya gudu har sau uku. Duk sau ukun Malam Isuhu ya riga gardi, ɗan sandan gwamnati, zuwa, ya dawo da shi a wuya, don kar a ɗaure uban. Yakan ce mini, "Inna, ba su ne suka ce a kawo su ba. Tunda an kawo su, bari su tafi da wani abu."

Sai aka kawo sabon Direkta. Kar ka rubuta sunansa. Har yanzu yana nan, a bayan katangarsa nake kwana. Baƙar fata ne kamarmu, wallahi da Nasara ne da abin bai ci mini rai haka ba.

Mutumin nan ya shiga tsakanin malamai. Ya kira wannan biro, ofishinsa ke nan, ya tambaye shi me wancan ya ce, ya kira wancan ya ce ga abin da wannan ya faɗa a kansa. Mutanen da ke cin goro ɗaya suka daina gaisawa. Malam Isuhu ya ƙi kai gulmar kowa, shi ke nan ya zama abin hari. Yana cikin koyarwa Direkta zai leƙo ta taga ya kwaikwayi muryarsa, ya ce faransancinsa warin daddawa yake, yara su yi dariyar dole. Ga gonar gyaɗar Direkta a hanyar Bande. Da damina, da safe, lokacin karatu, ajin Malam Isuhu ake turawa noma, shi a gaba da hauya. Da mahaifinsa ya rasu ya roƙi kwana biyu, aka ce gawa ba ta bukatar malami.

Ranar da mai duba lakwal ya zo daga Damagaram, yaran suka kasa karatu. Ina za su iya, wata biyu suna gona? Direkta ya ce laifin malaminsu ne, rago ne. Bayan baƙo ya tafi ya tara lakwal duka a gindin tuta, ya kaɓe wa Malam Isuhu hula ta faɗi ƙasa. Ina tsaye da muciya ina kallo. Ya sunkuya ya ɗauka, ya kakkaɓe.

Bai bar aiki ranar ba. Sai bayan kwana takwas. Ya share ajin da kansa, ya goge allo, ya kai makulli da takardarsa ta ajiye aiki biro, sannan ya zo wurina ya tsuguna. Na ce, "Isuhu, mutum ya bar aikin gwamnati? Me za ka ci?" Ya ce, "Inna, jiya na mari yaro. Bai yi komai ba, tawada ya zubar. Haushin wani na sauke masa. Da na ga yadda ya kalle ni, irin kallon da nake wa mutumin can ne. In na ƙara shekara a nan, ni ma shi zan zama." Ya ci tuwonsa, ya wanke kwanon da kansa, ya tafi.

To, nan ne. Mariyama, ba ni ruwa.

Direkta bai so a ji a Damagaram cewa malami ya ajiye aiki saboda shi ba. Ya aika gardi ya kira ni biro. Ban taɓa taka ɗakin ba. Ga takarda a tebur. Ya ce an rubuta Malam Isuhu na kwasar geron yara daga rumbu, shi ya sa aka kore shi, ni ce shaida. Ba zan ce ban sani ba, Habu, da Hausa ya faɗa mini. Gardi na bakin ƙofa. Na tambaya, "Za a kawo Alƙur'ani?" Ya yi dariya ya ce babu Alƙur'ani, yatsa kawai. Sai na ji sanyi a raina. Mu a wurinmu shaida ita ce ka yi alwala ka dafa Littafi gaban alƙali. Na ce wannan ai ba rantsuwa ba ce, baƙin tawada ne, in na wanke ya fita. Na dangwala.

Ya fita daga yatsana kafin azahar. Daga takardar bai fita ba. Malam Isuhu ya nemi aiki a wani lakwal, aka ce ga abin da ke rubuce. Ya nemi aikin magatakarda wurin masu sayen gyaɗa, haka. Maganar ta riga shi isa Yekuwa. Mutumin da ko ƙanzo bai taɓa ɗauka ba sai ya tambaye ni, aka riƙa ce masa ɓarawon geron yara. Ya koma noma da hannuwan da ba su saba ba. Mahaifiyarsa, Gwaggo Rabi, ta daina zuwa suna da biki. An ce ta ce masa da ya mutu yana jariri da ya fi mata.

Shekara bakwai, duk ranar kasuwar da ya shigo Magariya sai ya biyo ta madafa ta baya, ya kawo mini tsamiya ko goro ɗaya. Ya san ni ce. Sau ɗaya na buɗe baki, kuka ya riga maganar. Ya ce, "Inna, tsoratar da ke aka yi. Ni ina da gona, ke in an kore ki ina za ki? Bar shi." Ni kuma na bari. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, ya ce in bari, na ji daɗi na bari.

Har yanzu tsoro nake ji. Watakila jibi a watso mini tukwane waje, watakila gardi ya zo. Amma na fi kusa da kabari fiye da biro, kuma shi ya riga ni zuwa inda ake tambaya. Rubuta da manyan baƙi: Malam Isuhu bai saci ko tsaba ɗaya ba. Ba korarsa aka yi ba, shi ya ajiye da hannunsa don kar ya cuci 'ya'yan mutane. Ni Delu na yi masa shaidar zur. In liman yana so in dafa Alƙur'ani, a ɗora ni a jaki in zo.

Allah ya jiƙanka, Isuhu. Allah ya yafe maka, ya haskaka kabarinka, ya sa yaran da ka share wa hawaye su zama shaidarka. Allah ya ba matarka haƙuri, ya raya 'ya'yanka, ya cire musu sunan da na jawo musu. Ni kuma, in da sauran rabo, Allah ya yafe mini.

Ka tashi da wuri, Habu, ka isa kafin a watse. Amma kar ka fara da taron maza a ƙofar gida. Ka yi sallama ka shiga ciki wurin Gwaggo Rabi. Kunnenta ya yi nauyi, ka matsa kusa, ka ɗaga murya. Ita za a fara gaya wa. Ka ce mata ba ɓarawo ta haifa ba.